Tambayar da Ban Isar wa Inna Ba

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. A wajenmu, can ƙasar Dogon Dutsi, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kai masa kukanta. Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, gida biyu ne tsakaninmu da Inna. Mu Kiristoci ne tun zamanin kakanmu, fasto kuma ya sha faɗa a majami'a cewa wannan kunyar ba ta cikin Littafi. Mata sukan gyaɗa kai, su fito su ci gaba da abinsu. In Inna tana son in miƙo mata tsintsiya, ƙanwata take duba ta ce a gaya wa "wagga" ta miƙo, ni kuwa ina zaune kusa da ita har zanenmu yana gogar juna.

Kada a ɗauka ni mai sanyin hali ce. Faransanci nake koyarwa a wata kwaleji a unguwar Lamorde da ke Yamai, kuma daga daraktanmu har masu taksin bakin gada babu wanda bai san bakina ba. Na taɓa tsayar da layin mahauci gaba ɗaya a kan ƙashi guda. Amma a gaban Inna harshena yakan mutu. Mukan gaisa, ta amsa tana kallon gefe, shi ke nan. Ban taɓa ganin abin a matsayin rashi ba, don haka na taso na tarar.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki damina ma ta gaza a wajenmu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe, mata suka koma ɗebo ruwa daga wata mai nisa, a nan bayan Inna ya fara ciwo. Ta yi watanni tana ɗaure ƙugu da ɗankwali ba ta gaya wa kowa ba, sai ranar da ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe da tulu a kanta. Ƙanenmu ya sako ta a mota ya kawo mana ita Yamai, gidan da nake zaune ni da ƙanwata, wadda take aikin jinya a wani ɗakin haihuwa.

Aka yi mata hoton baya. Ƙanwata ta ɗaga shi a hasken taga ta nuna mini inda ƙashi ya zame ya danne jijiya, ni dai ban ga komai ba sai fari da baƙi. Ta ce aiki ne kawai maganinsa, kuma irin aikin da wasu likitocin waje suke zuwa yi a wani ƙaramin asibiti a ƙetaren kogi. Tun da aka rufe iyakoki ba su sake zuwa ba. Abin da suka koma yi shi ne duba marasa lafiya ta bidiyo: a zaunar da mutum gaban allo, likita yana can ƙasarsa yana kallo yana tambaya, ya zaɓi 'yan kaɗan waɗanda ba za su iya jira ba, a fitar da su a yi musu aikin a wata ƙasa. Sauran su jira zagaye na gaba. Muka kai takardun Inna, aka ba mu rana.

A lokacin famfon gidanmu sai da asuba yake kawo ruwa, wani lokaci ya kwana biyu bai ɗigo ba. Ni ce mai tsaron bidon-bidon, wato jarkokin da muke tara ruwa a ciki, kuma na tsare su da faɗa. Kullum na tashi sai in tarar an taɓa biyu, ga zannuwan Inna uku ko huɗu a kan igiya, har da ledar da ake shimfiɗa wa jarirai. Wata safiya na tare ƙanwata a tsakar gida na ce wane irin wanki ne wannan da ba ya ƙarewa, a garin da mutane suke kwana da ƙishirwa. Ta matse zanen da ke hannunta, ta dube ni ta ce, "Yaya, ke ma kin san abin da nike wankewa." Na sani. Ban sake yin maganar ruwa ba, ban kuma yi maganar ɗaya abin ba. Nakan bi ta ƙarƙashin igiyar in tafi makaranta.

Ana saura kwana biyu aka aiko cewa an matso da ranarmu saboda yadda ake ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ranar ta faɗa kan aikin ƙanwata, shugabarsu kuma ta ƙi sakinta, don ma'aikata sun yi ƙaranci. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, Faransanci dai abincina ne, babu likitan da zai faɗi abin da zai wuce ni. Da ranar ta zo, kafin ta fita ta yi wa Inna allurar kashe zafi don ta iya zaman mota. Ta ja ni gefe ta ce duk abin da aka tambaya in faɗi gaskiya. Na ce ita ce za ta koya mini faɗar gaskiya?

Inna ta shirya kamar mai zuwa bikin Kirsimeti. Ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, ta kafa ɗauri, ta sa kwalli. Ta ce wa ƙanwata ba a tarbar baƙo da zanen kwana, ko da baƙon a cikin tele yake. Na lura ba ta taɓa kunun da aka dama mata ba, ruwa ma tun daren jiya ba ta kai bakinta ba, ga zafi tun da hantsi kamar ana gashi. Na gane dalili, na yi kamar ban gani ba.

Muka haye gada a taksi. Kogi ya janye, rairayi ya fito tsibiri-tsibiri, shanu ramammu suna tafiya a inda jiragen kwale-kwale suke bi a da. A bakin gada sojoji suna zaune a bayan mota, ɗaya ya leƙo ya ga tsohuwa ya ɗaga mana hannu. A asibitin mun tarar da mutane a kan benci a ƙarƙashin rumfa, kowa rungume da babbar ambulan ɗin hotonsa. Akwai wani magini da ya faɗo daga bene, an kawo shi kwance a kan ƙyaure. Akwai wata mata daga Saga mai noman shinkafa da bayanta ya tanƙware har sai ta karkata wuya take ganin fuskar mutum.

Ɗakin ƙarami ne, da tebur, da gado, da allo a bango, da 'yar kyamara a samansa. Wani ma'aikacin jinya Bazabarme ne yake kula da na'urar, shi ne kuma yake yi wa marasa Faransanci tafinta. Hausarsa ta kasuwa ce. Da muka shiga ya nuna kujera ya ce, "Tsohuwa, zauna nan," babu ko sannu. Raina ya ɓaci. Na gaya masa da Faransanci, a tsanake yadda nake wa ɗalibai, cewa wannan uwar wasu ce, kuma ni zan yi mata tafinta, shi ya tsaya kan wayoyinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya koma bayan tebur da biro.

Likitan ya bayyana a allon. Siririn mutum ne mai furfura, da kofi a gefensa, bayansa kuma taga. Ana ruwa a garinsu, muna ganin yadda yake gangarowa a jikin gilashin. Inna ta ƙura wa tagar ido, ta manta da likitan. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A yi mishi barka da ruwa." Na yi masa, ya waiwaya ya dubi tagar, ya yi murmushi ya ce ya gode.

Ya ce ya ga hoton, bai yi masa kyau ba, amma shi ba hoto yake yi wa aiki ba, mutum yake son gani. Ya tambayi tun yaushe, da inda zafin yake sauka. Inna ta ce yana ɗan taɓa ta, da sauƙi. Na ƙara masa da cewa ba ta barci, wannan kam na faɗa. Ya sa ma'aikacin ya ƙwanƙwasa mata gwiwa da ɗan guduma, ya soka mata tsinke a tafin ƙafa. Sai ya ce ko za ta iya tashi ta taka zuwa ƙofa.

A gida sai mu biyu muke ɗaga ta, ko kuma ta ja jiki ta bi bango. Na miƙa hannu zan kama ta, ta kauce. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗaurinta, ta tafi ƙofar nan kai a sama, ta juyo ta dawo ta zauna. Allurar tana aiki, sauran kuma halin Inna ne, ba za ta yi rarrafe a gaban baƙo ba, balle a gabana. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga, amma kyamarar ba ta kai ta nuna gumi ba. Likitan ya ce madalla, ya rubuta wani abu.

Sai ya matso kusa da allon ya ce saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mai raba gardama. In tambaye ta ko fitsari yana kuɓuce mata, ko bayan gida, da kuma ko tana jin hannunta a jikinta in tana wanke gabanta.

Na ji shi sarai, babu kalmar da ta ɓace mini. Na juya wajen Inna. Tana zaune a miƙe, hannayenta a cinya, gefen fuskarta kawai nake gani. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa tambayarta ko ta ci abinci ba sai ta bakin wani. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, shina tambaya ko akwai wata damuwa ta daban."

Ta amsa wa allon. "A ce mishi lahiya lau. Mun gode Allah."

Na ce wa likitan ta ce babu.

Ma'aikacin ya ɗago kai ya dube ni. Hausarsa ta isa ya gane ba abin da aka ce in tambaya ke nan ba. Ya motsa baki, sai ya tuna irin wankin da na yi masa ɗazu, ya sunkuya ya rubuta. Likitan ya ce na tabbata? Na ce haka ta ce.

Na sha juya wannan wurin a raina. Inna ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Da na ce masa e, kullum sai an wanke zane huɗu, da ba za ta taɓa sanin na faɗa ba. Ba sai na tambaye ta ba ma, amsar tana kan igiyar gidanmu. Amma tana zaune a gefena da kwallinta, ni kuma na kasa tona ta ko da a harshen da ba ta ji. Ba tausayi na ji ba, ba kuma tsoro ba. Ban ji komai ba, bakina ne kawai ya ƙi.

Kuran ya ɗauke a daidai nan, hoton likitan ya daskare da baki a buɗe. Muka zauna a ɗakin muna jin ana fama da injin a waje. Minti nawa ne ban sani ba, amma sun isa mutum ya canza magana. Da hoton ya dawo ya ce tsohuwar ta fi hotonta ƙarfi, tana tafiya, tana riƙe fitsarinta, za ta iya jiran zagaye na gaba. Akwai waɗanda ba za su iya ba. Ya ce in abin da ya tambaya ya fara, kada mu yi wasa da shi ko na kwana ɗaya. Na ce to, na gode. Aka shigo da maginin a kan ƙyaurensa.

A hanyar komawa, muna tsakiyar gada, abin da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Na ga zanen zumunta yana canza launi, na ji ɗumi a gefen cinyata. Mai taksin ya shaƙi iska ya fara surutu da Zabarmanci yana buga sitiyari. Ni da ban taɓa barin mai taksi ya yi maganar ƙarshe ba, na bar shi yana ta faɗa har ƙofar gida, na ba shi abin wanke kujera. Inna tana kallon kogi ta taga.

Da la'asar ƙanwata ta dawo, tun ba ta ajiye jaka ba ta tambayi yadda aka yi. Na gaya mata a bayan ɗaki, ban rage komai ba. Na zaci za ta yi ihu. Ta zauna a kan bidon ta daɗe tana kallon ƙafafunta, sannan ta ce, "Yaya, ke da ba ki tsoron kowa." Ta tashi ta shiga ta canza wa Inna zane. Ba ta gaya mata abin da ya faru ba, ni ma ban gaya mata ba.

Washegari muka koma asibitin mu biyu. Ma'aikacin nan ya saurare mu, bai rama abin da na yi masa ba, da ma ya rama. Ya ce layin likita rana ɗaya ake buɗe shi, sunayen kuma tun jiya suka tafi. Ya taimaka mana muka rubuta bayani aka aika. Amsa ta daɗe kafin ta zo, ta ce gurabe sun cika, za a fara duba ta a zagaye na gaba. Ban ga laifinsu ba. Abin da aka nuna wa mutumin shi ya gani, abin da aka faɗa masa shi ya ji.

Sauran watannin ba ni da abin faɗa a kansu da yawa. Ina zuwa makaranta, ina dawowa. Mata daga ƙauyuka suka cika unguwa suna bin gidaje neman wankau ko dusa. Rediyo kullum jawabi. Ƙafar Inna ta hagu ta daina motsi, bayan 'yan makonni ta dama ta bi ta. Zafin ma ya ragu, Inna ta ce sauƙi ne ya fara zuwa, ƙanwata ta fita waje ta tsaya. 'Yan zumunta sukan zo ranar Lahadi su yi mata waƙa da addu'a, ni nakan dafa musu shayi. Sun ce ina da ƙarfin zuciya, don ba su taɓa ganin hawayena ba. Ba ƙarfi ba ne, babu hawayen ne kawai.

Zagaye na biyu a kan tabarma muka shigar da ita, mu biyu da ma'aikacin. Ƙanwata ce ta yi magana, ni ina tsaye a jikin bango. Likitan ya saurara, ya duba takardarsa, ya ce a wancan karon an gaya masa babu. Ya sa aka soka mata tsinke tun daga tafin ƙafa har ƙugu, Inna tana kallon silin. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce jijiyar ta daɗe a danne, ko an buɗe yanzu ƙafafun ba za su dawo ba, fitsarin ma haka, tafiyar kuma za ta wahalar da ita a banza. Ya koya wa ƙanwata yadda za a riƙa juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, abin da ta riga ta sani. Inna ta tambayi ƙanwata me ya ce. Ta ce mata ya ce a ci gaba da magani a gida. Inna ta ce a yi masa godiya.

Bayan haka aka canza wa ƙanwata lokacin aiki, ya zama da rana ni kaɗai ce a gida da Inna. Kwanakin farko takan jira ƙanwata komai daɗewa, a jiƙe, ni kuma ina rumfa ina gyaran takardun ɗalibai, kowa ya san halin da ake ciki. Wata rana da azahar na ji muryarta daga ɗaki. Ta ce, "Ke. Wagga." Babu wanda za a aika ya gaya mini. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Na jiƙe. Zo ki canza mini."

Na ɗebo ruwa a roba, na kawo sabulu da tsumma. Na juya ta ta fuskanci bango yadda na ga ƙanwata tana yi. Ba ta da nauyi. Ban taɓa ganin bayan uwata ba sai ranar, da ƙasusuwan a jere da tabon ƙahon da aka yi mata a ƙauye. Ina wankewa, ruwan yana gangara kan ledar, sai na ji kaina ina cewa, "Inna, kina jin hannuna?"

Ta ce, "Ba ni ji. Tun kahin in zo Yamai ba ni jin wurin nan."

Na ci gaba da wankewa. Har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta ce wa bangon, a hankali, kamar mai ba da labarin wani, "Ran da munka tahi wurin likitan nan na tele, na kwana ina shiri. Na ce in ya tambaye ni wannan, zan rufe ido in hwaɗa mishi, ko da kina wurin. Ina ta jira. Sai bai tambaya ba."

Na matse tsumman. Na ɗauko busasshen zane na shimfiɗa, na juyo da ita, na gyara mata matashi. Ta rufe ido.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Na fita da jiƙaƙƙen zanen na wanke shi da ruwan da ya rage a robar, na shanya a igiya. Na koma rumfa na ɗauki jan biro. Kafin in gama takardun aji ɗaya zanen ya bushe.